Yadda Ake Daidaita Gudun Ruwa a Tankin Kifin Ado Mai Siffar Ganga

Tambayar da masu karatu suka fi aiko mini game da tankin kifin ado mai siffar ganga ita ce: me ya sa kifaye ke taruwa a sama suna haki, alhali inji yana aiki kuma ruwa garau yake? Wasu kuma kukansu shi ne datti yana kwanciya a gindi komai yawan wankin da aka yi wa filta, wato na'urar tace ruwa. Matsalolin biyu tushensu ɗaya, ruwan ba ya zagayawa yadda ya kamata. Abin da akasarin mutane ke yi shi ne su sayo injin da ya fi na da ƙarfi, sai tankin ya koma kamar injin wanki, kifaye su wahala, gindin kuma ya ci gaba da zama yadda yake. A irin wannan tanki, inda aka fuskantar da ruwa ya fi ƙarfin inji muhimmanci. Motsi biyu ake nema a lokaci guda: juyawa a hankali a kewayen bango, da kuma hawa da sauka tsakanin gindi da sama.

Domin lissafi ya fito fili, zan yi misali da tanki guda har ƙarshe: faɗin bakinsa santimita 50, zurfin ruwansa santimita 90, na ruwan daɗi ne ba na gishiri ba.

Kayan da za a tanada: filta ta waje mai siffar gwangwani tare da tiyonta, bututun roba mai tsawon zurfin tankin, robobin manna bututu a bango, kilif na ɗaure bakin tiyo, injin iska da dutsen kumfa, bawul mai hanya ɗaya, guntun soso, ma'aunin zafi guda biyu, bokiti mai cin lita 10, zare, da injin huda mai bakin milimita 3.

1. Auna ruwan da tankin ke ci

Raba faɗin baki gida biyu, ka ninka abin da ya fito da kansa, ka ninka da 3.14, sannan ka ninka da zurfin ruwa, ka raba da 1,000. A misalinmu, 25 sau 25 sau 3.14 sau 90 zai ba da kusan lita 177. Idan aka cire wajen kashi 10 cikin 100 saboda tsakuwa da kayan ado, abin da ya rage lita 160 ne. Ga ƙananan kifayen ruwan daɗi, ana so duk ruwan ya ratsa filta sau 4 zuwa 6 a kowace awa, wato muna neman gudun da ya kai lita 800 a awa.

Akwai wani lissafin da ya kamata ya zauna maka a rai. Fuskar ruwan wannan tanki, wato inda yake haɗuwa da iska, ba ta kai murabba'in santimita 2,000 ba, alhali tanki mai kusurwa huɗu da ke cin kusan ruwa iri ɗaya, mai tsawon 90 da faɗin 45 da zurfin 45, fuskarsa ta haura 4,000. Ta wannan fuska ce iskar oksijin ke shiga ruwa, don haka ganga tana numfashi ne da rabin hancin ɗan'uwanta.

Gargaɗi: kada ka dogara da adadin litar da mai shago ya faɗa, domin yawanci na tankin da aka cika maƙil ne babu komai a ciki. Haka kuma kada ka ƙidaya kifayen da za ka zuba bisa yawan lita kaɗai. Rabin abin da za a zuba a tanki mai kusurwa huɗu ya ishi wannan.

2. Zaɓen filta da injin iska

Lambar da ke jikin kwalin filta an auna ta ne babu soso a ciki kuma babu dogon tiyo. Da zarar an cika ta da kayan tacewa, gudun yakan faɗi da kashi ɗaya cikin uku, wani lokaci ma fiye. Mai neman lita 800 sai ya sayi wadda aka rubuta wa 1,200 ko kusa da haka, kuma ya tabbatar tana da makunnin rage gudu. Filtar da ake ratayawa a baki ba ta dace ba, domin ba ta zama a kan bango mai lanƙwasa, sannan ruwan sama kawai take motsawa. Ƙaramar filta ta cikin ruwa za ta iya riƙe gangar da ba ta wuce lita 60 ba, amma ba irin tamu ba.

Injin iska shi ne inda aka fi yin asarar kuɗi. Kowace mita ɗaya ta zurfin ruwa tana danne iska da nauyin da ya kai kusan 0.01 MPa (ma'aunin ƙarfin matsin iska), kuma ƙananan injuna da dama iyakar ƙarfinsu bai fi haka da yawa ba, shi ya sa za ka ji suna ruri amma kumfar da ke fita ba ta taka kara ta karya ba. Duba kwali, ka nemi wanda aka rubuta wa 0.02 MPa ko sama.

Gargaɗi: masu ƙera filta suna ƙayyade tazarar da ba a so a wuce tsakanin fuskar ruwa da gindin filtar. Ganga mai zurfin 90 da aka ɗora a kan teburi mai tsayin 70 ta riga ta kai santimita 160, kuma wannan ya wuce ƙa'idar wasu filtocin. Karanta takardar da ta zo da ita, idan ta kama ka ɗora filtar a kan ƙaramar kujera.

3. Kafa tanki da shimfiɗa gindi

Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, don haka tankin da tsakuwarsa zai doshi kilo 200 a kan ɗan ƙaramin wuri. Ka sa ma'aunin magina ka tabbatar bai karkata ba tun kafin ka zuba ruwa, domin gangar da ta karkata dattinta gefe guda yake gangarawa, komai kyan tsarin bututu. Shimfiɗa tsakuwa da kaurin santimita 4 zuwa 5 a jikin bango, ta riƙa raguwa zuwa santimita 2 a tsakiya, kamar cikin faranti. Duwatsu da itacen ado a tara su a tsakiya su tashi sama kamar ginshiƙi, a bar hanyar da ta kai faɗin tafin hannu tsakaninsu da bango ko ta ina, domin nan ce hanyar ruwa kuma nan ce hanyar kifi. A ƙasan ginshiƙin a bar ƙofofi, kada duwatsun su toshe gindi.

4. Bututun zuƙa ya sauka tsakiyar gindi

Duk wanda ya taɓa juya shayi da cokali ya ga inda garin ganyen ke taruwa idan ruwan ya fara lafawa: tsakiyar gindin kofi, ba gefe ba. Haka ruwa ke yi a kowane mazubi mai kewaye. Idan yana juyawa, na ƙasa yakan gangaro tsakiya ɗauke da datti, ya tashi sama, ya bazu zuwa bango, sannan ya sake sauka. Masu kiwon tarwaɗa da ke amfani da tankuna masu kewaye sun san wannan, shi ya sa suke huda magudanarsu a tsakiya. Abin da muke yi duka shi ne mu taimaki wannan ɗabi'a ta ruwa, kada mu yi faɗa da ita.

Sauko da bututun zuƙa ta jikin bangon baya ko ta cikin ginshiƙin ado, ka sa masa gwiwa har bakinsa ya isa tsakiya, ya tsaya santimita 3 zuwa 5 a saman tsakuwa. Idan ya yi ƙasa da haka zai zuƙi yashi ya cinye farfelar inji, idan kuma ya yi sama dattin zai kwanta a ƙarƙashinsa yana kallonsa. Sanya masa guntun soso mai manyan ƙofofi a baki domin kare 'ya'yan kifi.

Gargaɗi mai muhimmanci: tun da bakin bututun yana gindi, ranar da tiyo ya zame daga jikin filta, ruwan tankin gaba ɗaya zai tsiyaye a tsakar falo. Ɗaure kowane bakin tiyo da kilif, sannan ka huda rami ɗaya na milimita 3 a jikin bututun zuƙa, santimita 6 zuwa 8 a ƙasan fuskar ruwa. Idan ruwa ya sauka zuwa nan, iska za ta shiga ta katse zuƙar. Ramin yakan toshe da gansakuka, saboda haka a riƙa tsokale shi da tsinke.

5. Bututun mayarwa: nan aikin yake

Filtoci da yawa suna zuwa da ɗan bututu mai ramuka wanda aka yi domin a kwantar da shi a saman tanki mai kusurwa huɗu. A ganga, a tsaye ake kafa shi. Idan wanda ya zo da ita gajere ne, yanki bututun roba da zai kama daga fuskar ruwa zuwa kashi biyu cikin uku na zurfi, wato santimita 60 a misalinmu, ka toshe ƙarshensa, ka huda ramuka na milimita 3 a layi ɗaya, tazarar santimita 3 tsakanin kowanne da na kusa da shi. Ramuka ashirin ke nan, kuma jimillar faɗinsu ta yi daidai da cikin tiyo mai milimita 12 zuwa 16, don haka ba za su shaƙe inji ba. Ka tuna cewa ƙara rami abu ne mai sauƙi, toshe shi ne aiki, saboda haka fara da kaɗan.

Manna bututun a bango, sannan ka murza shi har ramukan su fuskanci gefe, ruwan ya riƙa bin lanƙwasar bango kamar mai zagaya da'ira. Idan ramukan suka kalli tsakiya, ruwan zai bugi ginshiƙi ya watse, ba za a sami juyawa ba. Idan suka kalli bango kai tsaye, ƙarfin zai mutu a nan. Abin da nake yi shi ne in fara da ramukan suna bin bango sak, sannan in karkato su ciki kaɗan-kaɗan har sai juyawar ta yi laushi. Dama ko hagu duk ɗaya ne, muddin duk wani abin da ke tura ruwa a tankin ya bi hanya guda.

Rami biyu na can sama su kasance dab da fuskar ruwa, kamar santimita 2 a ƙasanta, domin su riƙa karkaɗa ta. Ana so a ga fuskar tana rawa ko'ina ba tare da fantsama ba. Wannan rawar ce ke shigar da oksijin, ita ce kuma ke fasa yanar maiƙon da ke taruwa a sama.

Me ya sa ba a kai bututun har gindi ba? Domin feshin da ke kusa da tsakuwa yana tarwatsa dattin da muke so ya gangaro tsakiya, ya kuma tone saiwar tsirrai. Kashi ɗaya cikin uku na ƙasa a bar shi ya juya da jan ruwan da ke samansa.

Gargaɗi: idan ka ga rami ya buɗe a tsakiyar fuskar ruwa kamar ƙaramar guguwa, juyawar ta yi yawa. Rage gudu ta makunnin da ke gefen fitar ruwa. Kada ka taɓa matse gefen zuƙa, domin hakan yana sa inji ya yi ƙara, ya yi zafi, farfela ta lalace.

6. Dutsen kumfa

Kumfa ba ado ba ce kawai. Yayin da take hawa tana jan ruwan ƙasa zuwa sama, kuma wannan shi ne motsi na biyu da muka ambata. Wurinta tsakiya ne, inda ruwa ke son tashi da ma. Ɗaure dutsen a jikin ginshiƙi, santimita 15 a saman bakin bututun zuƙa, ba a ƙasansa ba, in ba haka ba filta za ta riƙa haɗiyar kumfa tana tari. Wanda ya jera dutsen kumfa a jikin bango yana tura ruwa sama a daidai inda ya kamata ya sauka, sai motsin biyu su kashe juna.

Gargaɗi: sa bawul mai hanya ɗaya a kan tiyon iska, ko ka ɗora injin a wurin da ya fi fuskar ruwa tsayi. Idan aka ɗauke wuta, ruwa yakan biyo tiyon ya koma cikin inji ya zubo ƙasa. Kowace waya kuma ta ɗan lanƙwaso ƙasa kafin ta hau zuwa soket, yadda ɗigon ruwan da ya biyo ta zai faɗi a ƙasa maimakon ya shiga wuta.

7. Tayar da inji da auna gudu

Cika filta da ruwa kafin ka kunna ta, domin gudu a bushe yana ƙona ta. Bayan ta tashi, karkata ta hagu da dama a hankali har iskar da ta maƙale ta fita. Sannan cire tiyon mayarwa, ka riƙe bokitin lita 10 a tsayin bakin tanki, ka ƙidaya daƙiƙun da zai ɗauka ya cika. Raba 36,000 da adadin daƙiƙun. Idan ya cika a daƙiƙa 45, gudunka lita 800 ne a awa. Rubuta lambar a jikin teburi, za ta yi amfani nan gaba.

Gargaɗi: idan ka ajiye bokitin a ƙasa, nauyin ruwa zai taimaki inji, lambar da za ka samu ta ƙarya ce.

8. Gwada inda ruwa ke bi

Murtsuke ɗan abincin kifi ya zama gari, ka jiƙa shi, ka sake shi a gaban bututun mayarwa, sannan ka zauna ka zuba ido na minti goma. Idan tsari ya yi kyau, garin zai zagaya a hankali, yana sauka ta gefen bango, ya gangaro tsakiya ya shige soso. Duk inda ka ga ya kwanta bai motsa ba, wurin mataccen ruwa ne, kuma yawanci bayan dutse ne ko gindin bangon da ke ƙarƙashin bututun mayarwa. Matsar da dutsen, ko ka ƙara rami ɗaya ko biyu a ƙasan bututun. Zare mai tsawon ɗan yatsa da aka ɗaura a bakin siririn kara shi ma yana nuna hanya: zura shi sama da tsakiya da ƙasa, a ko'ina ya kamata ya karkata, ko da kaɗan ne.

Gwaji na ƙarshe na ma'aunin zafi ne. Manna ɗaya kusa da sama, ɗaya kusa da gindi, ka duba bayan kwana guda. Ruwan ɗumi sama yake hawa, na sanyi ya kwanta, don haka idan bambancinsu ya wuce digiri 1, hawa da saukar ruwa bai wadatar ba, sai a ƙara iska. Mai amfani da hita a lokacin hunturu ya kafa ta a ƙasa, a kan hanyar ruwa, domin wadda aka sa a sama za ta ɗumama ruwan sama kawai ta kashe kanta, ta bar gindi da sanyi.

Gargaɗi: canji ɗaya ake yi a lokaci guda, a jira rabin awa. Ruwa mai juyawa yana ɗaukar lokaci kafin ya zauna a kan sabon tsari.

9. Bari kifaye su yanke hukunci

Sabon tanki yana buƙatar mako 4 zuwa 6 kafin ƙwayoyin bakteriya masu cinye gubar kashin kifi su zauna a filta, saboda haka a zuba kifaye kaɗan-kaɗan. Idan suna fuskantar ruwa suna ta bugun jela ba hutu, ko suna ɓuya a bayan dutse, gudu ya yi yawa. Idan suna sama suna haki, musamman da asuba, oksijin ya yi kaɗan. Gupi da moli da ƙananan tetra suna jure matsakaicin gudu, amma beta da gurami da anjel ruwa mai natsuwa suke so, a rage musu zuwa sau 3 ko 4 a awa, a cike giɓin da kumfa. Kifin zinariya, duk da farin jininsa, ban ba da shawarar sa shi a ganga ba: kashinsa da yawa, buƙatarsa ta iska ma haka.

A watannin Maris zuwa Mayu a ƙara sa ido. Ruwa mai zafin digiri 25 yana riƙe kusan miligiram 8.3 na oksijin a kowace lita, a digiri 30 ya sauka zuwa wajen 7.6, a daidai lokacin da jikin kifi ke neman ƙari. A buɗe murfi, a ƙara iska, a kuma nisanta tanki da tagar da rana ke shigowa.

10. Shirin ɗauke wuta

Ganga ba ta jure tsayuwar ruwa kamar tanki mai faɗi. Mafi arhan kariya shi ne ƙaramin injin iska mai batir, ko wanda ake jona wa batirin cajin waya, da nasa dutsen kumfa da aka rataya a rabin zurfi, inda ƙarfinsa zai iya kaiwa. Mai inbata ko sola ya jona filta da injin iska, ya bar hita da fitila, domin hita ce ke shanye batir. Idan babu ko ɗaya, a riƙa ɗibar ruwan da kofi ana kwararo shi daga sama duk bayan rabin awa, kuma a dakatar da ba da abinci.

Gargaɗi: filtar da ta tsaya awanni da yawa ruwan cikinta yakan lalace. Idan wuta ta daɗe ba ta dawo ba, cire filogi, ka buɗe ta ka zubar da ruwan, ka ɗauraye soson da ruwan tanki kafin ka mayar. Idan ka ji warin ruɓaɓɓen ƙwai, kada digo ɗaya ya koma wurin kifi.

11. Kuɗi da kulawa

Filta ce ke cin kaso mafi girma na kuɗin kaya, sai injin iska. Bututu da kilif da bawul ba su da tsada, kuma kowane shagon kayan famfo yana da yawancinsu, amma su ne waɗanda rashinsu ke jawo babbar asara. Wajen wuta, filta mai wat 20 da injin iska mai wat 5 da ke aiki dare da rana suna cin yunit 18 a wata. Ninka wannan da abin da kake biyan yunit ɗaya. Idan a ce naira 200 ne, naira 3,600 ke nan. Yana da kyau a sayi farfela ta ajiya tun ranar da aka sayi filta, domin samun daidai ita daga baya yakan yi wuya.

Kowane mako a kashe filta, a canza kashi 20 zuwa 30 cikin 100 na ruwa ta hanyar zuƙo dattin tsakiya da tiyo, a matse soson bakin bututu, a tsokale ramuka. Soson cikin filta ana wanke shi da ruwan da aka ɗebo daga tanki, domin kulorin da ke ruwan famfo yana kashe bakteriyar da aka sha wahalar rainonta. Idan tankin na roba mai kama da gilashi ne, da tsumma mai laushi kaɗai ake goge shi, ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta yi masa zane. Kowane wata a maimaita gwajin bokiti a kwatanta da lambar da aka rubuta. Idan gudun ya faɗi da kashi ɗaya cikin huɗu, a zura buroshi cikin tiyo, a cire farfela a wanke ta, sannan a sake murza bututun mayarwa zuwa inda yake, domin robobin manna sukan saki da kansu su juya shi.